Ganga Ba Makaɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, ya ji yadda makaɗa ke zuga masunta daga cikin kwalekwale, lalle zai yi ta'ajibin jin cewa a shekarar 1976 wasu samarin birnin Faris suka kafa ƙungiyar Métal Urbain ba mai ganga, suka ɗora waƙoƙinsu na tawaye bisa bugun na'ura. Irin wannan bidi'a ba ta makara wajen isowa maƙwabtanmu ba, domin a 1978 wani makaɗi mai suna Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da fiyanon lantarki. Yau kuwa a Birnin Kebbi, yaro guda da fiyano ya wadatar da mawaƙi a sutudiyo, alhali kalangu na rataye a bango.