Gansakukar Teku a Cikin Man Shafawa

Idan hunturu ya kankama, hannun masuncin tafkin Madarunfa na Nijar ne ke fara shaidawa. Ya yini yana jan taru cikin ruwa, busasshiyar iska ta bi ta kansa, kafin la'asar yatsu sun yi furu-furu, dunduniya ta soma faso. Tun kaka da kakanni man kaɗanya ake nema. To, a cikin mayukan da ake sarrafawa a Turai da Asiya, akwai masu maganin irin wannan bushewa da wani koren tsiro na teku.

Masana na kiransa Ulva. Dangin gansakuka ne, amma a ruwan gishiri yake rayuwa, manne da duwatsun gaɓa. Kamarsa ɗaya da ganyen latas, sai dai ya fi shi siranta: in an ɗaga shi sama, ana hango hasken rana ta cikinsa. Abinci ne kuma. Japanawa kan busar da shi su barbaɗa a miya.

Abin da masu haɗa mai ke nema a jikinsa shi ne ulvan, wani sinadari mai yauƙi irin na kuɓewa. Yana riƙe ruwa sosai, don haka in an shafa shi sai ya yi wa fata siririn lulluɓi, danshi ya daɗe bai tsere ba. Aikinsa ke nan, kuma ba ƙarami ba ne a ƙasar da iska ke tsotse jiki wata uku cur. Ba ya mai da baƙi fari, ya kamata mai saye ya san da haka.

Sai dai yawan Ulva kan zama masifa. A yankin Bretagne na Faransa, takin da ke gangarowa daga gonaki ya sa yana cika gaɓa yana ruɓewa, har iskar gubarsa ta kashe doki a Saint-Michel-en-Grève a 2009.

Nijar ba ta da teku, amma maƙwabta na da abin da ya yi kusa. A Kanem ta Chadi, matan Kanembu na kwasar dihe daga tafkunan kanwa, su shanya shi a ramin yashi, su yi miya da shi. Shi ne spirulina da yau ake zubawa cikin kwaɓin shafa fuska.

Gansakukar gefen tafki dai daban take. Wasu nau'o'inta na fitar da guba mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma a irin wannan kwantaccen ruwa katantanwar tsargiya ke zama.