Injin da ba ya niƙa komai

Akwai wani wasa da manya da yara ke yi a Turai da Amurka da Japan wanda duk bakaniken da ya gan shi sai ya tsaya. Da ƴan tubalan roba na LEGO, waɗanda kamfanin Ole Kirk Christiansen na garin Billund a Denmark ya yi wa rajistar mallaka a 1958, mutum zai haɗa ɗan inji wanda aikinsa ɗaya ne: ya karɓi ƙananan ƙwallaye ta wannan gefe, ya ɗaga su, ya zuba wa injin maƙwabcinsa ta wancan. Masu yinsa suna kiransa GBC. Wani ya yi nasa da sarƙa, wani da matakala mai hawa da sauka, wani da murɗaɗɗen abu irin na Arkimidis mai jan ruwa sama. A wurin baje koli sai a jera injuna masu yawa su yi zobe, ƙwallaye su yi ta kewayawa wuni guda. Ra'ayina shi ne makarantun Makera da Dutsin-Ma da Kurfi suna da abin ɗauka a nan, kuma abin ba robar ba ce.

Abin ɗaukar shi ne ƙa'idar da Steve Hassenplug da abokansa suka shimfiɗa a Amurka wajen 2005. Gajeruwa ce ƙwarai. Kwandon karɓar ƙwallo yana da faɗi da tsayi sananne, kowane inji zai wuce da kimanin ƙwallo ɗaya a daƙiƙa, kuma kada ya juye wa na gaba fiye da 30 a lokaci guda. Abin da ke tsakanin shiga da fita kuwa, kowa da dabararsa. Da wannan ne mutumin da bai taɓa ganin ɗan'uwansa ba zai zo da injinsa daga wata ƙasa, a jingina su, su yi aiki tare. Yaranmu ba su rasa hannu ba. Duk wanda ya bi ƙauyukan nan bayan girbi ya san motar kara, da motar langa-langa mai tayar silifas, da sitiyarin waya mai juya ƙafafun gaba da gaske. Sunan Makera ma kansa yana tuna wa mai jin Hausa zugazugi da uwar maƙera. Amma motar kara kowa tasa yake ja, ba a neman ta dace da ta wani, kuma idan ta karye an gama wasa. Injin ƙwallo shi dole ya yi ta aiki ba tsayawa, dole kuma ya miƙa wa na gaba daidai, in ba haka ba kowa ya ga inda ƙwallaye suka taru.

A wannan tarin ne karatun yake. Yaro ya sa faifai mai haƙora 8 ya juya mai haƙora 24, sai ya ga da idonsa ƙaramin ya zagaya sau uku kafin babban ya zagaya sau ɗaya, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Lissafin da ake rubuta masa a allo ke nan, shi ne kuma na sarƙar keken babansa da bel ɗin injin niƙa na unguwarsu. Ya gano cewa gangara in ta yi tsaye ƙwallo ya tsallake, in ta kwanta ya maƙale. Ya gano cewa injin da ya yi minti ɗaya lafiya yana iya shaƙewa a minti na arba'in, don kuskuren da ke faruwa sau ɗaya cikin dubu dole ya bayyana idan ƙwallo dubu uku da ɗari shida ke wucewa a awa. Wannan darasi na ƙarshe ba na jin akwai littafin firamare da ke koyar da shi, alhali shi ne ya raba mai ƙira da mai kwaikwayon siffa. Mutanen Dutsin-Ma sun san zafinsa: madatsar Zobe an kammala ta tun 1983, ruwa ya taru, amma kai shi gona da famfo ya ɗauki shekaru masu yawa. Tarawa daban, miƙawa daban.

Za a ce abin tsada ne, kuma gaskiya ne. Akwatin LEGO mai ɗan injin lantarki da haƙora kuɗin waje ake saye da shi, manomin da ke lissafin taki ba zai dube shi ba, bai kuma kamata a ce ya duba ba. Sai dai ƙa'ida ba a sayenta. Malami zai iya cewa kwandon kowa gwangwanin madara ne, tsayinsa taƙi ɗaya, ƙwallon kuma ƙwayar boris ce daga garejin masu babur. Sauran kaya kwali ne da kara da murfin kwalba da spok ɗin keke, hannu kuma ya maye gurbin lantarki. Abin da za a rasa shi ne daidaiton robar, wadda kowane tubali ke shiga ɗan'uwansa ba sassaƙa. Rashin nan na gaske ne, zai sa aiki ya yi nawa, amma yaron da ya yanka haƙoransa da kansa zai san dalilin tazarar da ke tsakaninsu fiye da wanda ya ciro su daga leda.

Za a kuma ce yankin da ƴan bindiga suka hana wasu ƙauyukansa noma da barci ba wasa yake buƙata ba. Wannan magana tana da nauyi, ban kuma ce injin ƙwallo zai kawo tsaro ba. Amma yaran da ke cikin azuzuwan nan yau ba za su dakatar da girma har a samu lafiya ba, kuma cikinsu ne masu gyaran injin ban ruwa da famfon tuƙa-tuƙa za su fito. Dutsin-Ma, garin da ke da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai yaye malamai, bai rasa waɗanda za su rubuta ƙa'idar a shafi ɗaya ba. Ɗaliban koyarwa suna fita aikin gwaji makarantun karkara kowace shekara. Su tafi da shafin, kowace makaranta ta haɗa injinta, a ƙarshen zango a kawo su ranar Laraba ta kasuwar Dutsin-Ma a jera, a zuba boris a gwangwanin farko.