Hutun bazara a Amurka: Shagali a bakin teku ko aikin gayya?

A watan Maris na kowace shekara, yawancin jami'o'in Amurka kan bai wa ɗalibai hutun mako guda da ake kira hutun bazara. Dubban matasa kan yi tururuwa zuwa bakin teku a jihar Florida, wasu kuma su tsallaka birnin Cancun na ƙasar Mexico.

Sai dai shagalin ya fara kai masu masaukin baƙi bango. A 2024 hukumomin Miami Beach sun kafa shingayen bincike tare da tsauwala kuɗin ajiye mota, bayan harbe-harben da suka hallaka mutum biyu a hutun 2023.

Wasu ɗaliban kuwa aikin gayya suke zaɓa. Tun 1989 ƙungiyar Habitat for Humanity ke karɓar ɗalibai domin taya marasa galihu gina muhalli. Bayan guguwar Katrina ta 2005, da dama sun ƙarar da hutunsu wajen gyaran gidaje a New Orleans.

Ga ɗaliban ƙasashen waje, ciki har da 'yan Najeriya da Nijar, duk mai shirin fita Amurka sai ya tabbatar makaranta ta sa hannu a takardarsa ta I-20, in ba haka ba komawa aji na iya gagara.