Tsutsar Kabeji: A San Ta Kafin a Ɗauki Famfon Feshi

Daga lambunan Jos zuwa fadamun Kano da Maraɗi, da wuya a sami ƙwaron da ke ci wa manomin kabeji tuwo a ƙwarya kamar wata 'yar tsutsa da masana ke kira Plutella xylostella. A noman rani ta fi yin ɓarna, domin da damina ruwan sama mai ƙarfi kan kakkaɓe ƙananan daga ganye ya kashe su.

Mai neman ta sai ya juya ganyen, don a ƙarƙashinsa take zama. Koriya ce, tsawonta kusan santimita ɗaya, siririya ta kai da wutsiya, da ɗan kauri a tsakiya. Da an taɓa ta sai ta zabura tana mutsu-mutsu da baya, ta faɗo tana reto a jikin siririn zare. Cinta ma yana tona mata asiri: takan kankare naman ganyen ta ƙasa ta bar fatar sama shara-shara, daga baya fatar ta bushe ta zama huda. Idan ta ƙoshi sai ta saƙa wa kanta farar raga a jikin ganyen, ta fito daga ciki da fukafukai masu ruwan toka. Macen na iya yin ƙwai fiye da 100, kuma a lokacin zafi, mako biyu zuwa uku sun isa sabon zubi ya fito.

Wannan saurin hayayyafa ne ya sa take saurin sabawa da guba. Tun a 1953 aka gano a tsibirin Java na Indunisiya cewa maganin DDT ya daina kashe ta, kuma a cikin ƙwari ita ce ta fara jure wa wani maganin da ake kira Bt a gona. Manomin da ke fesa magani iri ɗaya kowane mako yana kashe raunanan ne ya bar masu tauri, yana kuma hallaka ƙananan ƙwari dangin zanzaro da ke yin ƙwai a jikinta su kashe ta.

Don haka a riƙa duba ƙarƙashin ganye tun shuka na ƙarama, kafin kabeji ya ƙulla kai tsutsar ta shige inda feshi ba ya kaiwa. A fara da ruwan dakakken ƙwallon darbejiya, a kwashe ragowar ganye bayan girbi. In ta kama sai an sayi magani, a nemi shawarar malamin gona, a riƙa sauya irinsa, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi, domin ɗanye ake yanka kabejin nan a zuba wa yara a abinci.