CIWON KARKARWA: KADA MU KWANTAR DA DATTAWANMU

A zangunanmu, daga Nima har Aboabo, da zarar hannun dattijo ya soma karkarwa, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, sai a ce tsufa ne, wasu ma su ce jifa. Daga nan sai a shimfiɗa masa tabarma, ko buta ba a barinsa ya ɗauka. Tausayi ne, mun sani, amma irin tausayin da ke ƙara wa majinyaci rauni.

Sau da yawa wannan ita ce cutar Parkinson, sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1817. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamin ne ke mutuwa sannu a hankali, sai jiki ya sage, motsi ya yi nauyi. Ita ce ta kama Muhammad Ali, zakaran damben da iyayenmu suka tarba a Akra da Kumasi a 1964. An gano ta a jikinsa a 1984, ya rayu da ita har 2016.

Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Ƙwayar levodopa sassautawa take yi. Amma a 2013 masu bincike a Shikago ta Amurka sun ba da sakamakon gwajin shekara 2: majinyatan da ke ɗaga nauyi sau 2 a mako, ana ƙara musu kaɗan-kaɗan, motsinsu ya fi na masu sassauƙan atisaye kyau.

Ƙarfi kaɗai bai isa ba, sai da hanzari. Wanda ya yi tuntuɓe, saurin jefa ƙafa ne ke hana shi faɗuwa, kuma saurin ne cutar ke ci. Don haka a samo kujera mai ƙwari, a jingina ta da bango. Baba ya miƙe da sauri, ya zauna a hankali, sau 8 zuwa 10, ya huta, ya sake. In ya saba, ya rungumi galan mai ruwa. Tsohon tiyub na keke ma ya isa a ja da hannu.

A yi lokacin da magani ke aiki a jiki, wani yana tsaye kusa, domin jiri kan ɗebi masu wannan ciwo in sun miƙe. Kafin a fara, a nemi shawarar sashen gashin ƙashi, akwai shi a asibitin Korle Bu da na Komfo Anokye.