Danƙon Ƙwayoyin Jiki da Ciwon Dajin Bututun Madaci

Ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe cikin bututun madaci, wato hanyar da ke kai ruwan madaci daga hanta zuwa hanji, manne suke da juna kamar tubalan gini. Danƙon da ke riƙe su wani furotin ne mai suna E-kadarin, wanda ba ya aiki sai da sinadarin kalsiyam. Masanin Japan Masatoshi Takeichi da abokan aikinsa ne suka raɗa wa danginsa suna a 1984.

Ciwon dajin wannan bututu ya fi yawa a arewa maso gabashin Tailan, inda cin ɗanyen kifi ke jawo tsutsar hanta. Sau da yawa ba a farga sai shawara ta bayyana, alhali ciwon ya yi nisa.

Ƙwayar dajin da ta rasa danƙonta takan ɓalle, ta kutsa nama, har ta kai kaluluwa. Shi ya sa masu bincike ke rina ƙarin da aka cire, su duba shi da madubin likita. Nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa ƙarancin E-kadarin yakan zo tare da yaɗuwar ciwon da gajartar rayuwa bayan tiyata. Amma ishara ce kurum. Likita ya fi dogara ga nisan da ciwon ya yi da ko an cire shi duka.