Ina Bindigogin Matamaye Suke Shiga?

Ranar hawan salla a ƙasar Damagaram, 'yan bindiga kan yi ta ɓarin albarushi har hayaƙi ya rufe dawakai. Kowace unguwa a Matamaye ta san maharbinta. Amma mutum ya zo da takarda da biro ya tambaya wa ke da bindiga, sai a rasa ko guda. Ina suke shiga?

Zargin da ya fara zuwa a rai shi ne masu ɓoyewar suna da wata mugunta a ciki. Bai tsayu ba. Yawancinsu manoma ne da maharba masu iyali, kuma abin da ke hannunsu bindigar toka ce ƙirar maƙeri, wadda sai an tsaya an ɗura kafin a sake harbi. Ba da irinta ake tare hanya ba.

Sai na duba wahalar takarda. Izinin riƙe bindiga daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa, Yamai kuwa ta yi nisa da mai noman rake a fadamar Kance. Ga shi bindigar maƙeri ba ta da lambar da za a rubuta, alhali yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 kan ƙananan makamai a kan lamba da rajista ta ginu. Wannan dalili ne, amma bai isa ba, don mutumin nan yana jure layin katin zaɓe tun safe har azahar ba ya gunaguni.

Bakin zaren yana wurin tsofaffi. A zamanin Sarki Tanimu, Damagaram na da dubban bindigogi, har igwa ake ƙerawa a Zandar. Da Faransawa suka ci ƙasar a 1899, riƙe bindiga ya koma sai da izinin Nasara. Daga nan talaka ya ga abin da ƙidaya take haifarwa: an ƙirga kawuna aka ɗora lanho, an ƙirga shanu aka karɓi jangali, an rubuta samari aka kwashe su aikin dole, wanda sai a 1946 aka soke. Ba laifinsa ba ne idan gabansa ya faɗi da ganin littafin hukuma.

To amma jikokin da ba su ga Nasara ba fa? Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, a 1994, kuma a watan Satumba na 2000 aka ƙona makamai a Agadas bayan sulhu da 'yan tawaye. Wancan ya yiwu ne domin ɓangarorin biyu sun zauna sun yi alkawari. Manomin Matamaye ba shi da wanda zai zauna da shi.

Abin da ya warware mini zancen yana hayin iyaka, labarin da ke shigowa ta Kwangwalam da Ɗan Barto tare da fatake. A 2019 gwamnatin Zamfara ta yi sulhu da 'yan bindigar daji, ta ce 'yan sa kai su ajiye makamai. Hare-hare suka dawo. A 2021 Gwamna Masari na Katsina ya ce jama'a su nemi makamin kare kansu, a watan Yunin 2022 kuma Zamfarar da kanta ta ce mutane su nemi lasisin bindiga. Duk mai rediyo a Matamaye ya ji wannan da Hausarsa.

Nan lissafin ya fito. Rajista mai gida da gona kaɗai take samu, wanda mai unguwa zai iya nuna ƙofarsa. Ranar da aka ce a karɓe, shi za a fara bi, na daji kuwa sunansa ba ya cikin littafin kowa. Shi ya sa bindigar take komawa cikin rumbu ko rufin ɗaki, a naɗe da tsumma mai mai, kuma maƙwabta duk sun sani, ba mai faɗa wa jandarma.